Malam Bubayero da Fuskar Mahaifiyarsa

Har zuwa watan jiya, duk mai bin hanyar Gafasa zuwa Ajingi da sanyin safiya ba zai rasa haɗuwa da shi ba. Dogo ne siriri, a kan wani tsohon keke da ƙararsa ke riga shi isa gari, fensir maƙale a bayan kunne, jakar fata rataye a kafaɗa. Ba ya wuce babba bai sauka ya gaishe shi ba, don haka dole yake fita ana idar da sallar asuba, in ba haka ba sai a buga ƙararrawar makaranta yana can a hanya yana tambayar wani lafiyar shanu. In ya isa ya shiga aji, ya koyar da karatu da rubutu da zane. In aka tashi, sauran malamai kowa ya nufi gida, shi kuwa sai ya yi azahar, ya jingina keke a gindin tsamiyar bakin kasuwa, ya zaro takarda ya ɗora a gwiwa. Duk wanda Allah ya kawo wurin, mai jiran motar Kano ne, ko mai tallan goro, ko tsohon da ya zo shan inuwa, in dai ya yarda, shi Malam zai zana a ranar. Haka yake yi rani da damina, yau shekara kusan ashirin.

Malam Bubayero ke nan, malamin firamare, wanda ya ajiye aiki a ƙarshen zangon da ya wuce. An yi masa ɗan taro a harabar makaranta, aka sha lemo, wani ya tashi ya ce shi mutum ne mai zuwa aiki a kan lokaci, aka tafa, aka watse. Ni kuwa na dawo gida raina a ɓace. Zuwa a kan lokaci! Haba jama'a, iyakar abin da za a faɗa a kan Bubayero ke nan? Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake rubutu ba sana'ata ba ce.

Sunana Gwadabe, malamin gona ne ni, kuma taubashinsa ne. Mahaifiyarsa, Gwaggo Hure, yayar mahaifina ce. Tun muna yara nake ce masa bawana, shi ma yana ce mini nasa, har yau ba mu gama wannan shari'a ba. Saboda haka in kun ji na zolaye shi a nan, haƙƙina nake karɓa. Amma ba don zolaya na zauna ba. Na zauna ne in gaya muku dalilin da ya sa mutum mai iyali da mutunci ya share shekaru a gindin tsamiya yana ƙura wa mutane ido.

Bubayero ɗan fari ne. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi. Gwaggo Hure kuwa, a duk matan Fulanin ƙasar Gaya ban ga mai kunyarta ba. Ba ta taɓa faɗin sunansa a gaban kowa ba. Yana yaro "wancan" take ce masa, da ya fara koyarwa ya koma "malamin nan". In ya yi sallama ya shigo, nan take za ta sami abin yi da ƙwarya, ta juya baya. In za ta ba shi fura, sai ta ajiye a ƙofar ɗaki ta ce wa iska, "Ga fura nan, kada a bar ta ƙuda ya faɗa." Shi ma haka ya tashi. In zai gaishe ta, daga nesa zai durƙusa, idonsa a ƙasa, ta amsa a taƙaice, ya tashi ya fita. Babu faɗa, babu ƙiyayya, kowa ya san ba ta da abin so kamarsa. Mutanen gari ma yabonta suke yi, ana ba amare misali da ita.

A shekarar da aka sami 'yancin kai mahaifinsa ya rasu. Bayan 'yan watanni ina wata gonar gyaɗa a Balan ina duba iri, sai ga shi ya zo a keke, ya tsaya a bakin kunyar gona. Na ce, "Kai bawana, lafiya? Ko an kore ka daga aikin ne?"

Ya ce, "Gwadabe, fuskar Baffa ta ɓace mini."

Na ce ban gane ba.

Ya ce, "Na san ƙafafunsa. Na san fason da ke diddigensa na hagu, na san bakin rigarsa, na san sandarsa, muryarsa ma tana kunnena. Amma in na rufe ido ina neman fuskarsa, babu. Ban taɓa kallonta yadda zan riƙe ta ba. Ga shi babu hoto." Ya ƙara da cewa, "Inna ma haka za ta tafi."

A lokacin mai ɗaukar hoto sai Kano, kuma wa ya isa ya sa Gwaggo Hure a mota ya kai ta gaban wani ƙato ya leƙa ta ta cikin akwati? Ya ce shi zai zana ta da hannunsa, tana raye, tana zaune a gabansa. Wallahi dariya na yi har da riƙe ciki. Na ce, "Kai? Kai da ko akuyar gidanku ba ka iya haɗa ido da ita?" Bai yi dariya ba, ya hau kekensa ya tafi.

A gaskiya ya iya zane tun a kwalejin horon malamai. In ya zana buta sai ka ji kamar ka ɗauka ka yi alwala. Tulu, kujera, taswirar ƙasa, duk ba ya jin su. Amma mutum? Nan ake yin ta. Da ni ya fara, domin a duniya ni kaɗai ne ba ya jin kunya, taubashi ba a jin kunyarsa. Ya kifa mini turmi a tsakar gidana na zauna. Sai ya ɗago ya yi mini kallo ɗaya kamar wanda ya taɓa garwashi, ya sunkuya ya yi ta zane da ka, gumi na ɗiga a takarda. Na ce, "Ka kalle ni mana! Ni surukinka ne?" Da ya gama, matata Indo ta leƙo ta gani, ta ce, "Innalillahi! Wannan wane ne, Malam? Ko aljanin kukar bayan gida ne?" Kaina kamar kabewa, ido ɗaya a goshi, ɗaya a kumatu. Ya naɗe takardar ya sa a jaka, ya ce gobe ma zai zo.

Ya kuwa zo. Jibi ma ya zo. Na sha zaman turmi har bayana ya ƙage, na yi mita, na yi rantsuwa ba zan ƙara ba, in ya zo kuma in zauna. Takardar kirki ta ƙare masa ya koma ta buhun siminti, fensir ya ƙare ya koma gawayi. A hankali idanuna suka dawo layi ɗaya, hancina ya sauko inda Allah ya ajiye shi. Wata rana Indo ta duba ta ce, "To yau kam shi ne, har da munin." Amma ni kaɗai ba zan isa ba. In ya zauna a gaban wani babba, duk abin da ya koya sai ya zube.

Barau wanzami ne ya ba shi mafita, ba tare da ya san ya ba shi ba. Ranar kasuwar Ajingi Bubayero ya je aski, yana jiran layi ya lura cewa wanda ake yi wa aski ba ya motsi, kuma kansa a sunkuye yake, ba ya ganin mai kallonsa. Ya nemi izinin Barau, ya nemi na masu aski, ya samu gefen rumfa ya zauna. Ya daɗe ba ya zana komai sai ƙeya da kunne da wuya. Ina jin babu ƙeyar da ke Ajingi da bai zana ba, har mutane suka fara yi masa laƙabi da Malam Mai Ƙeya. Daga nan ya matsa zuwa masu gyaran gemu, waɗanda ke ɗaga haɓa su lumshe ido saboda aska. A kansu ya fara sanin yadda fuskar babba take: inda fata ke naɗewa a gefen ido, yadda kumatu ke zurmawa in haƙora sun zube, yadda goshin mai yawan salla yake.

Barau ya ba ni labarin ranar da abin ya juya. Wani dattijo mai sayar da igiya ake yi wa gyaran gemu, Bubayero ya duƙufa a kan girarsa, sai tsohon ya buɗe ido kwatsam, suka haɗa ido. Barau ya ce ya zaci Malam zai watsar da takarda ya gudu. Sai ya ga bai kau da kai ba. Tsohon ya ce, "Ci gaba, ɗana, ba cizo nake ba." Ya ci gaba har ya gama. Barau ya goge askarsa a tafin hannu ya ce, "To Malam, ka ga ba ka mutu ba."

Daga ranar ya fito daga rumfa ya koma gindin tsamiya. Ba wai dare ɗaya ya zama gwani ba, a'a. Akwai ranakun da zai yaga abin da ya yi, akwai ranar da wani mahauci ya ce in dai haka yake to gara ya daina fita. Amma da yake kullum ne, abin ya zauna masa a jiki. Gumin ya daina. Ya daina goge-goge. Ya kai yana zane yana hira, yana tambayar mutum gero nawa ya samu bana, har mutumin ya manta ana zana shi ya saki fuska. Na taɓa tambayarsa me ya canza, ya ce, "Da ji nake kamar sata nake yi. Yanzu ji nake kamar gaisuwa ce, sai dai doguwa."

Kada in ɓoye, ba kowa ne ya yarda ba. Malam Abdulsalam, limamin unguwarsu, ya kira shi ya gaya masa cewa shi a karatunsa bai ga halaccin suranta abu mai rai ba. Bubayero ya durƙusa ya saurara har ƙarshe, bai yi musu ba. Abin ya dame shi ƙwarai, damina guda bai taɓa fensir ba, ya rame. Daga baya ya je ya tambayi wasu malaman a Gaya, ya ji wasu sun tsananta wasu sun sassauta, ya dawo ya ci gaba da sharuɗɗan da ya ɗora wa kansa: ba ya zana wanda bai yarda ba, ba ya rataye zane a bango, ba ya sayarwa. Ni ba malami ba ne, ba zan yanke hukunci ba. Abin da na sani shi ne Liman bai sauya ra'ayinsa ba, Bubayero bai taɓa zana shi ba, kuma har yau a bayansa yake salla.

Sai aka shiga yaƙin basasa. Samari suka riƙa tafiya soja daga Gaya da ƙauyukanta, wasu da sanin iyaye, wasu sai dai a ji labari. Akwai wata Kubura mai ƙosai a tashar Gaya, autanta Ɗanladi ya sa suna. Ita da bakinta ta ba ni wannan labari, tana ba ni tana share ido da gefen mayafi. Ta ce ana gobe za su tafi ta ji an ce akwai wani malami a Ajingi mai fitar da kamannin mutum a takarda. Ta aika, bai san ta ba, amma washegari da sassafe sai ga shi a tasha, ya nemi izini a makaranta ya taka keke tun daga Gafasa. Ya zaunar da yaron a kan buhun gyaɗa, direba na ta hura hon, yaran mota na ihu, shi kuwa ko a jikinsa. Kafin a gama ɗaure kaya ya miƙa mata. Ta ce, "Malam, har da ɗan wushiryar nan nasa ka sa." Ta kawo ƙosai a ganye, shi ma da ƙyar ya karɓa.

Ɗanladi bai dawo ba. Ba gawa, ba kabari, sai wani abokinsa da ya zo bayan yaƙi ya faɗi inda ya faɗi. Kubura ta ce mini, "Da ba don malamin nan ba, da yanzu na fara mantawa da yadda yake dariya. In kewa ta ishe ni sai in buɗe kwalla in ɗauko shi mu gaisa." Bayan Ɗanladi, duk ranar da aka ce mota za ta kwashi samari, za ka ga Bubayero a tasha. Ban san yawan gidajen da ke da irin wannan takarda ba, shi ma bai sani ba. Amma na shiga gidaje da yawa saboda aikina, a Balan, a Gafasa, a rugage, kuma sau da dama tsohuwa kan ce in dakata, ta shiga ɗaki ta fito da ɗanta a naɗe cikin tsumma.

Kai ne wannan, Bubayero. Kai ne ka tsaya a rana a tasha kana ajiye wa matan mutane fuskokin 'ya'yansu, kai kuwa ta taka uwar ba ka da ita. Na tuna ranar Ɗanladi da ka biyo ta wurina a hanyar komawa, ka sha ruwa, ka ce mini, "Ka ga yadda take kallonsa? Ko ƙiftawa ba ta yi." Na san abin da ke cin ka.

Domin duk wannan ƙwarewa, a gida ba ta yi masa amfani ba. Yana da zanen Gwaggo Hure fal jaka, amma duk baya ne. Ga ta tana tatsa, an ga gwiwar hannu da ƙwarya. Ga ta ta ɗauki nono za ta kasuwa, an ga doron wuya da tafiya. Ya aike ni in roƙa masa ita, tunda ni ɗan ƙaninta ne, ina iya shiga har ɗakinta in ci in sha in yi surutu. Na ce, "Gwaggo, malamin nan fa yana so ki zauna ya zana ki."

Ta ajiye ludayi ta ce, "Kai Gwadabe, ka fita idona. In zauna in zuba masa ido, shi ma ya zuba mini? Ni Hure? Me na yi wa mutane da za a yi da ni a bakin rijiya?"

Na ce, "Gwaggo, zamani ya canza."

Ta ce, "Ya canza a gidanku."

Na koma sau da yawa cikin shekaru, da wasa, da lallami, har da fushi, amsar ɗaya ce. Da na gaji na ce masa, "Kai ma ka cika wahalar da kai. Ga zana duk huda, ka leƙa tana barcin rana ka yi abinka mana." Ya dube ni, irin kallon da ya koya a kasuwa, ya ce, "Ban saci fuskar kowa ba, sai ta uwata zan sata?" Ban ƙara kawo masa wannan shawara ba.

Shekarar fari ta zo, shanun Gwaggo suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, har da wata farar saniya da ta gada daga uwarta. Daga nan ta karye. Ta daina zuwa kasuwa, ta fara laluben ƙofa, tana zuba nono a gefen ƙwarya. Muka kai ta Kano wurin likitan ido, ni a kusa da ita a mota, shi a can baya a kan kaya. Likita ya duba ya ce jijiyar ce ta mutu, sai haƙuri. A hanyar dawowa na waiwaya na ga Bubayero ya rufe fuska da hula. Tun daga lokacin ya daina aike na. Yana ganin ta ƙare, ga tsufa, ga makanta, ina zai ƙara mata da wani nauyi? Amma bai daina zuwa gindin tsamiya ba ko da rana ɗaya. Na tambaye shi amfanin me, ya ce hannu in an bar shi mantuwa yake.

Kaka biyu da suka wuce, an gama ɗaure dawa, Gwaggo ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗaki ta rame ƙwarai. Bayan mun gaisa ta ce, "Ka ce wa malamin nan, abin nan da ya daɗe yana nema, ya zo ya yi. Yanzu ai ba na ganin kowa. Kunyar wa zan ji?"

Ranar Asabar da hantsi muka zo. Jama'a, ashe tun jiya ta sa an yi mata kitso. Ta ɗaura baƙin saƙinta na zuwa biki, ta sa 'yan kunnenta na azurfa, har kwalli ta sa a idon da ba ya gani. An shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki ta zauna ta miƙe baya, sai dai ta fuskanci rumbu. Na ce, "Gwaggo, ta nan yake, hannunki na dama." Ta juyo a hankali har fuskarta ta yi daidai da tasa.

Bubayero yana durƙushe, takarda a gwiwa, kansa a ƙasa kamar kullum. Na ce a raina yau duk wahalar shekarun nan za ta zube, zai koma zane da ka irin na ranar turmi. Sai ya yi bisimilla ya ɗago. Ya daɗe yana kallonta bai taɓa takarda ba, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, yau ya fara ƙare wa uwarsa kallo. Sannan ya sa fensir. Wallahi hawaye na bin gemunsa yana ɗiga a riga, amma hannun ko gezau, tafiya yake kamar a gindin tsamiya, ya ɗago ya duba, ya sunkuya ya ja, ya sake ɗagowa. Ko matan da ke daka sun ajiye taɓarya.

Ya fitar da ita sak: dogon hancin, tsagar gefen baki, yadda take ɗan tsuke leɓe in tana jin nauyi. Akwai wani tabo a girarta ta hagu, inda saniya ta taɓa tunkuyinta tana budurwa, duk dangi mun san shi. Da ya zo wurin sai ya tsaya, ya dube ni, ya nuna girarsa da yatsa yana tambayata da ido. Bai san da shi ba. A nan ne ni ma na kasa, na juya na fuskanci katanga.

Ana kiran azahar ya gama. Ya ce, "Inna, na gama. Na gode."

Ta juya wajen da take jin numfashina ta ce, "Ka ce masa ya je ya yi salla, lokaci ya yi."

Ya tashi ya fita. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya karɓi abarsa.

To, Malam Bubayero, dogo na Hure, mai gaida mutum har ya gaji da amsawa, ga godiyar da ba a yi maka a taro ba. Mun gode da yaran da ka koyar, waɗanda kake zaunarwa biyu-biyu a aji kowa ya zana ɗan'uwansa, kana ce musu su duba da kyau kafin su ja layi. Mun gode a madadin Kubura da sauran matan da ba za su iya karanta wannan ba. Ku kuma malamai matasa da kuke ganin in abu ya gagare ku sau biyu shi ke nan ba naku ba ne, ku je Gafasa ku ce ya nuna muku zanen da ya fara yi mini, na yafe, ku yi dariyarku, sannan ya nuna muku na Gwaggo. Tsakaninsu babu wani asiri sai zuwa kullum. Ku kuma iyaye, ban ce ku yar da kunya ba, ni ma da ita aka raine ni. Amma ku riƙa ɗagowa kuna duban 'ya'yanku tun ido na gani.

Saura abu ɗaya, bawana, kuma naka ne kai kaɗai, sai dai a nan zan iya faɗa. Ta sa na yi alkawarin ba zan gaya maka ba tana raye. Bayan ta rasu na zo gidanka da niyya ba sau ɗaya ba, in na buɗe baki sai in ɓige da zolaya. To bari alƙalami ya yi abin da baki ya kasa.

Ranar nan, da ka fita alwala, ta saurara har ta ji ƙarar buta a waje. Sai ta laluba ta kamo hannuna, ta rage murya ta ce, "Gwadabe, ya yi kama?"

Na ce, "Ke ce sak, Gwaggo, har da kwallin."

Ta gyaɗa kai. Ba ta saki hannuna ba. Can ta ce, "Shi fa? Bubayerona ya yi furfura?"

Na ce, "Ya yi, Gwaggo. Gemun ma fari fat."

Sai ta ce, "Ashe har ya tsufa ban ƙare masa kallo ba."

Ta faɗi sunanka, Bubayero. Da kunnena na ji. Allah ya jiƙan ta, kai kuma Allah ya saka maka da alheri.